Kyamarar Kawu Mai Jawo Nesa

Jiya a Dutsin-Ma na ga wata ƙaramar kyamara mai fim a teburin mai gyaran rediyo, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Ni na raka shi sayen irinta. Duk wadda aka miƙo masa sai ya danna, gilashin ya zuro yana ƙara, ya kanga a ido ya dubi tsallaken titi.

"Alhaji, me za ka ɗauka daga nesa haka?" in ji mai shago.

"Shanu."

Na ce, "Kawu, ai ko maraƙi ba ka da shi."

"Kai dai riƙe mini hula."

Na kwana biyu ina saƙe-saƙe. Sai ranar ɗaurin auren Yaya a Kurfi, ɗansa na fari da ko sunansa ba ya faɗa saboda kunya, na hango Kawu bayan bishiyar bedi yana ɗaukarsa hoto.

Ya ce kada in faɗa wa kowa. Yaya kuwa har yau gani yake ubansa bai damu da shi ba. Shin rasuwa tana warware alkawari? Ranar Juma'a zan tambayi liman.

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ni kuma ya nuna mini daidai.