Wa Zai Yi wa Kawu Labbo Sallah?

Ku da kuka san Kawu Labbo kun san ba a gaishe shi a wuce salin-alin. Ka ce masa, "Malam, yaya zafi?" sai ya ce ka dakata. Ya zura hannu a aljihun gaba, ya zaro ma'aunin zafin nan nasa, ya ɗaga sama, ya ƙanƙance ido, sannan ya ce, "Arba'in da ɗaya. Jiya ya hi haka, kuma jiya ba ka yi kuka ba." Kai da ka tsaya gaisuwa kawai! Shekara ashirin da wani abu ya yi yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Gummi. Da ya yi ritaya ya dawo gida Anka da tarkacensa, har gwangwanin madara ya kafa a kan katanga yana auna ruwan sama. Ni Luba, 'yar yayarsa, a gidan na tashi, don haka na san mutum nawa suka koma ɗaga masa hannu daga nesa.

Inna, wato mahaifiyata, ita abin ba ya ba ta dariya ko kaɗan. Takan ce, "Labbo, kai komi sai ka auna, komi sai an kawo maka hujja. Ranar da anka sa ka kabari Walakiri yat taso, shi ma ka ce shi kawo hujja!"

Shi kuwa ya ce, "Yaya, in dai ya taso, ai ya zama hujja."

Sai Inna ta ajiye abin da ke hannunta. "Bari in hwaɗa maka abin da ka hana ni kwana. Ranar da kam mutu, wa za shi yi maka sallah?"

Ina yarinya na fara jin wannan tambaya, kuma wallahi tun daga lokacin take cina. Mutum ya mutu a garinsu, a ƙi yi masa sallah, a ja shi a rufe a bayan gari, 'yan uwansa su kasa haɗa ido da mutane. Duk dariyar da zan ba ku yanzu, da wannan tsoron a ciki na yi ta.

Abokin gardamarsa Liman Shehu ne, limamin unguwarmu, tare suka yi wasan ƙasa. Wata shekara damina ta yi gardama, gero ya fara lanƙwashewa, aka fita filin idi roƙon ruwa. Rana tana dukan kai, sai ga Kawu a sahun baya riƙe da lema. Liman ya hango shi, farin ciki ya kama shi. Ya ce, "Jama'a, ku dubi Labbo! Duk cikinku shi kaɗai yaz zo da lema. Wanga shi na imani!"

Da wani ne ai sai ya sunkuyar da kai ya karɓi yabo. Kawu ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, kada in ci amanar jama'a. Rediyo tac ce hadari na tahe tun shekaranjiya."

"To wa yat turo hadarin?"

"Iska."

"Wa yat turo iskar?"

"Malam, in munka tsaya bin wa yat turo wa, jiƙewa za mu yi."

Ruwa kuwa ya sauko. A cikin lema ɗaya suka dawo unguwa, kowa kafaɗarsa guda a jiƙe, ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Wannan duk wasa ne. Abin da ya ɓata shi da mutane a Sunke ya faru, inda aka kai ni aure. Lokacin zinari ya buɗe, maza suna kwaso duwatsu daga rami suna kawowa gida, mu mata muna dakawa a turmi, turmin da za mu daka gero da shi in an jima. Sai yara suka fara amai, su sanƙare, su yi ta jijjiga, kafin kwana biyu an ɗauke su a tabarma. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka fara kallon wata tsohuwa a ƙarshen gari, akasari dai aka ce ƙaddara. Ranar da 'yata ta fari ta fara amai, na zauna a tsakar gida da ita a cinyata.

A ranar Kawu ya zo ta'aziyyar ɗan maƙwabcinmu a kan tsohon babur ɗinsa. Ya leƙo mu gaisa, ya dubi yarinyar, ya dubi turmi, ya shafo cikinsa da yatsa. Ya ce, "Dalma ta, cikin duwatsun ga take. Guba kuka dakawa." Bai nemi izinin kowa ba, ya ɗauki gatari ya raba turmin biyu. Surukata ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, turmin uwata! Luba, wanga mahaukaci daga gidanku yah hito?" Ya ce mata, "Hajiya, in kin samu sarari ki gwada mani na kishiyarki, shi ma in gaishe shi."

Daga nan ya fita wajen zaman makoki. Wani dattijo yana ba uban yaron haƙuri, yana cewa Allah ya bayar, Allah ya karɓa. Kawu da ya biyo ta maƙabarta ya ga ƙananan kaburbura a jere, ya kasa riƙe bakinsa. Ya ce, "Ku bar ɗora wa Allah. Turmi ka kashe ɗiyanku!" Wuri ya ɗauki salati. Ni daga cikin gida na ji, na ce shi ke nan, yau ba zai fita garin nan da ƙafarsa ba. Ya shigo ya ce in goya yarinya, muka hau babur mu uku sai asibiti a Anka, ina waiwaye har muka hau titi.

Yarinyar ta rayu, ko da yake har yau karatu yana yi mata wuya. Daga baya likitoci suka zo suka faɗi abin da ya faɗa, har ƙasar gidaje aka kankare aka zuba sabuwa. Amma wa ya tuna da wannan? Maganarsa aka riƙe, kuma tana tafiya tana gajarcewa. A Bukkuyum an ce Labbo ya ce ba Allah ke kashewa ba. Kafin ta kai Gummi, wai ya ce babu Allah.

Da mutanen daji, wato 'yan bindiga, suka matsa wa ƙauyuka, muka kwaso kayanmu muka dawo Anka, gidan Inna. Maigidana ya shiga 'yan sa-kai, kullum zuciyata a hannu. Sai ga wani mutum ya zo da riga cike da layu, wai harsashi ba ya huda ta, in ya taɓa ta ruwa yake zama. A ƙofar gidanmu ya baje koli, ina leƙe ta zaure, maigidana har ya zura hannu ɗaya a ciki. Kawu ya ce, "Madalla. Mai riga, sa ta, a harba mu gani."

Mutumin ya ce ba a gwada asiri a jikin mai shi.

"To a gwada ga wanda ba shi da ita." Kawu ya shiga gida ya janyo bunsurun Inna, wanda take kiwo tun yana ɗan mitsitsi, ba tare da ya gaya mata ba. Aka sa wa bunsuru riga, aka ɗaure shi a gindin dogon yaro, wani ya ɗana harba-ka-ruga. Daram! Da ƙyar aka samu aka kai masa wuƙa kafin ya zama mushe. Mai riga ya dubi bunsuru, ya dubi jama'a, ya ce ai dabbar ce ba ta da tsarki.

Kawu ya juya wajen 'yan sa-kai. "Kun ji. Wanda yat tabbata ya hi bunsurun ga tsarki, ga riga nan, da rami guda ɗai."

Ba wanda ya saya. Liman, da ya daɗe yana wa'azi a kan layu ba a ji, ya ce yau kam Labbo ya yi masa aiki. Inna ta ci naman tana zaginsa, ta yi sati ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Amma mai riga yana da mutanensa, kuma tsohuwar maganar Sunke tana nan ba ta mutu ba. Wata Juma'a wani baƙon mai wa'azi ya yi magana a kan 'yan boko masu musun Ubangiji, bai kama suna ba, kowa kuma ya san inda aka nufa. Da la'asar samari suka fara taruwa a bakin layinmu, wasu da duwatsu a hannu. Na kulle yara a ɗaki. Kawu kuwa yana tsakar gida yana gyaran rediyo! Liman Shehu ne ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar gidanmu, ya zauna yana jan carbi. Yana nan har aka kira magariba, suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na tsare shi. Na ce, "Kawu, don girman iyayenka ka hwaɗa mani gaskiya. Akwai Allah ko babu?"

Ya kashe rediyonsa, ya dube ni. Sannan ya ce, "Luba, na auna zahi, na auna ruwa, na duba jini cikin madubi. Wanga ba ni da ma'auninai. Wata rana in tashi in ji akwai, har in ji kunyatai. Wata rana in kira in ji shiru. Ba ni yi miki ƙarya."

Na ji da ma ban tambaya ba. Haushi kuma ya zo mini, na ce, "To ka yi sallah ranar da kaj ji akwai, ka ranka ta ranar shiru!" Ya yi dariya har da tari, ya ce duk malaman Zamfara ba wanda ya taɓa ba shi fatawa mai sauƙin wannan. Ban gaya wa kowa abin da ya faɗa ba, ko Inna. Yana zuwa Juma'a, wasu ranakun kuma in ga buta a jiƙe, wasu ranakun a bushe. Na zama mai gadin buta.

Ciwon da ya tafi da shi bai yi wata biyu ba. Ranar da abin ya zo da hantsi ne, Inna ta shiga maƙwabta karɓo magani, ni kaɗai ce a ɗakin. Na ga numfashinsa ya canja, na riƙe hannunsa, na sunkuya ina maimaita masa kalmar shahada. Ya buɗe ido ya dube ni. Leɓensa ya motsa. A daidai lokacin injin niƙan bayan gidanmu yana ta ruri, na kai kunnena har bakinsa, ban ji komai ba. Sai hannun ya saki.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika, kuma ba duka ne suka zo ta'aziyya ba. Muna jiyo muryoyi ta katanga, wani yana cewa shi ba zai tsaya a kan gawar kafiri ba, wani yana cewa maƙabartar Musulmi ba ta kowa da kowa ba ce. Sai aka ce Liman yana zaure, yana kiran wadda ta ga fitar rai. Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Ta ce, "Ki ce ya yi. Luba, ki ce kin ji da kunnenki. Ƙanena na."

Na tsaya a bakin zaure daga ciki, na ja mayafi. Maza cike, har waje.

Liman ya ce, "Ɗiyata, ke ad da shi. Ya yi shahada?"

Kalma ɗaya ce, da na faɗe ta an wuce wurin. Amma mutumin da ke kwance a ɗaki bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko a ranar da ƙaryar za ta fi mini daɗi. Na ce, "Baba Liman, na laƙƙana mashi. Leɓenai ya motsa. Ban ji abin da yac ce ba."

Na ji Inna ta fashe da kuka a bayana. Waje ya ɗauki guna-guni, wani saurayi ya ce, "Kun ji ko!"

Liman ya ɗaga murya, irin yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba. "Wanda duk yaj ji da kunnenai Labbo ya ce babu Allah, ba an ce ba, shi matso nan shi rantse."

Ni ce na fi kowa kusa da jin haka, kuma ni ma ba haka na ji ba. Ba wanda ya matso.

Liman ya ce, "To a kawo ruwa da likkahwani. Ni za ni wanke shi. Wanda ba shi iyawa, hanya ga ta, ba a riƙe kowa ba."

Wasu sun tafi, na ji takunsu. Mu mata muka zauna a tsakar gida muka kasa kunne. Da Liman ya yi kabbarar farko, na ji amsawar maza a bayansa, ba ta cika layi ba, amma akwai ta. Inna tana lissafawa da yatsu har ta huɗu. Maigidana ya ce mini sahu uku aka yi, na ukun bai kai ƙarshe ba. An rufe shi kusa da mahaifinsu.

Ya Allah, ni ban ji abin da Kawu Labbo ya faɗa ba, Kai ka ji. Ka san ranakunsa na shiru, ka san kuma yarinyar da take kawo mini ruwa yau da ƙafafunta. Ka yi masa da rahamarka, ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya zuciyar Inna. Amin.