Takardar Da Na Ɗana Wa Taubashina

Ni mutum ne mai yafiya, duk Ƙofar Dundaye an sani. Wanda ya taka ni da safe, kafin azahar na manta ƙafar da ya taka. Mutum ɗaya ne na riƙe a ciki shekara guda cur, ina juya shi kamar mai gashin tsire, shi ne taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina.

Tare muka yi firamare, tare muka yi sakandare, a benci ɗaya. Bambancinmu shi ne ni ina karanta littafi, shi yana karanta abin da na rubuta. Wuyansa har ya ɗan karkace hagu saboda leƙe, yau ma in kun gan shi ku duba. Da muka gama, ni na kama aiki a wani shagon fatu da ƙiraga, ina awo ina kula da sito, shi kuwa ya kama aikin gadin inuwar dogonyaro, kuma bai taɓa makara ba.

Lokacin kuɗin fetur ya buɗe, soja ke mulki, aikin gwamnati kamar ruwan Agusta. Akuya ma da ta iya sa hannu da an ba ta tebur. Sai aka ce wata ma'aikata na neman akawu, a kawo takardar neman aiki haɗe da takardar tarihin kai, wadda 'yan boko ke kira sibi.

Na zauna na zuba tarihi, shafi huɗu. Na faro daga kakan kakana da ya shigo Sakkwato da jaki ɗaya. Na sa saukar Alƙur'anina da ragon da aka yanka, na sa tsawona, na sa ƙyandar da na yi na tashi, na sa cewa a langa ba a taɓa kayar da ni ba daga unguwarmu har Gidan Igwai. Na kai wa mai tafireta a Sama Road, wani dattijo Kirista mutumin Filato, wanda ya tsufa yana buga takardun gwamnati, ya yi ritaya ya kafa teburinsa a barandar wani shago. Baba muke ce masa. Ya gyara tabaransa mai ɗaurin zare, ya karanta har ƙarshe, ya tambaye ni aiki nake nema ko sarauta.

Ya kama jan layi. Kakan kakana ya tafi da jakinsa, rago ya bi su, ƙyanda ta warke karo na biyu. Ya ce mai karanta irin wannan takarda yana da ɗari a gabansa, cikinsa kuma na kiran tuwo, shafi ɗaya ya ishe shi. Makaranta da shekarunta a jere, kada shekarar gamawa ta riga ta shiga. Aikin da ka taɓa yi, da abin da hannunka ya iya. Masu shaidarka mutum biyu, kuma ka je ka gaya musu tukuna, kada a tambaye su su ce wane ne haka. Abin da ba za ka iya nunawa a gaban mutane ba, kada ya hau takarda. Ya buga min tas, ya haɗa da kwafin kabon, ya ce in kiyaye ta da miya.

Da yamma taubashina ya zo cin tuwo, ya ga kwafin, ya ce bawansa ya ara masa ya ga yadda ake shiryawa. Haka muke, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Na ƙi. Inna ta leƙo daga madafa ta ce in ba shi mana, ɗan'uwana na, takarda ba nama ba ce da za ta ragu. Na ba shi.

Kwana huɗu na yi ina bin tsohon hedimastanmu da mai shagon fatu don su yarda su shaide ni, kamar yadda Baba ya ce. Taubashina bai bi kowa ba. Washegari ya kai kwafin wajen wani mai tafireta a bakin kasuwa, aka cire sunana aka sa nasa, aka bar komai inda yake, har shekarata ta awon fata, shi da ko warin jima ba ya iya tsayawa kusa da shi. Ya miƙa.

Ranar ganawa, shugaban masu tantancewar wani tsohon sakatare ne, siriri, mai doguwar hula. Ya shimfiɗa takardu biyu a gabansa kamar tagwaye, ya duba hatimin ranar da kowace ta iso, ya ga tawa ce ta zo daga baya, ya ɗago ya dube ni.

"Yaro, gwamnati ba ta ɗaukar ɓarawon takarda. Hita."

Na buɗe baki, masinja ya buɗe ƙofa. Masinjan nan ɗan unguwarmu ne, kuma yana da keke, don haka sunan ɓarawon takarda ya riga ni isa gida. A majalisar dattawan da ke zama bakin masallaci bayan la'asar, in na gaishe su sai wani ya dafe aljihu ya ce a ɓoye wasiƙu. Yara suka sa shi a waƙa. Taubashina kuwa ya samu tebur, ya samu babur, kullum sai ya bi ta ƙofar gidanmu ya danna oda ya tambayi Inna ko bawansa na nan.

Na kai ƙara wajen mahaifina. Ya saurare ni, ya ce ya san gaskiyata, amma wasan taubasai ba a kai shi gaban alƙali, wanda ya yi fushi da shi ya zubar da girman gida biyu. Na fita ina huci. Sai a hanya maganar ta zauna min daidai: in wasa ba ya zuwa gaban alƙali, to nawa ma ba zai je ba.

Na jira. Na koma awon fata, ina gaishe shi da fara'a, har goge masa babur na taɓa yi.

Sai soja suka raba jihar. Mutanen Neja suka naɗe tabarmi suka nufi Minna, ofis-ofis kujeru suka zauna babu kowa. Sashen kula da dabbobi ya ce yana neman mutane, masu sito da masu fita daji yi wa shanu allura, kuma masu fita daji za a ba su gida, a tura su kwas. Na san mutumina. Da jin gida da kwas, miyansa zai tsinke.

Na tafi wajen Baba na ce takarda biyu nake so, ta gaskiya da ta tarko. Ya ce shi mai zuwa coci ne, bai taɓa buga ƙarya ba, ba zai fara da furfura ba. Na ce Baba, takarda ba ta zama ƙarya sai an sa mata hannu, ni kuwa ba zan sa ba, kuma ba zan ba kowa ba, a aljihun rigata za ta zauna. Baba ya gyara tabaransa. Shi ma abin na cinsa, aikin hannunsa aka kai bakin kasuwa aka kwafa da tafireta mai cin haruffa. Ya zura takarda ya ce in faɗa.

Muka rubuta cewa mai wannan takarda ya yi shekara biyu yana bin rugage ana yi wa shanu allura, yana jin Fillanci kamar a ruga aka yanke masa cibiya, kuma yana kayar da bijimi shi kaɗai ba da igiya ba. Baba ya ce a rage ba da igiya ba, ya yi yawa. Na ce a bar shi, nan ne man yake.

Na rataye rigar a ƙusa daidai inda taubashina ke zama cin tuwo, bakin takardar na leƙowa, na fita kamar zan yi alwala. Alwalar nan ta kai ta mutum goma. Da na dawo ya tafi, takarda ma ta tafi. Bayan kwana biyu ya tare ni a hanya yana dariya, ya ce ashe bawansa ya yi wayo, yaushe na taɓa kama bijimi? Na sunkuyar da kai na ce don Allah ya maido min. Ya ce ya riga ya miƙa, in kwantar da hankalina.

"Wa ka dubawa? Takarda ba ta da ƙaho."

Mutumin da ko ragon layya aka ce ya riƙe sai ya tuna yana da saƙo a Gidan Igwai.

A harabar asibitin dabbobi aka yi ganawar, a baranda, mu masu jira muna kan benci muna kallon komai. Mutum uku ne a tebur: likitan dabbobi, wani Bafillace fari dogo, wani kyaftin na soja da sandarsa, don lokacin ko kwamitin rabon tabarma sai an sa soja, na ukun kuwa, Allah mai yadda ya so, tsohon sakataren nan mai doguwar hula.

Aka kira taubashina. Ya shiga da babbar riga shaƙe da sitaci, tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Likita ya karanta takardarsa, fuskarsa ta washe, ya juye Fillanci, ya yi masa doguwar magana irin ta wanda ya ga ɗan gida. Taubashina ya yi murmushi ya ce yau maƙogwaronsa na ciwo. Kyaftin ya karɓi takardar, ya bi ta da bakin sandarsa layi-layi, ya tsaya a inda nake addu'ar ya tsaya. Ya ce ba komai, kayar da sa ba da maƙogwaro ake yi ba, ga wani can a garke an kawo shi allura tun safe ya hana kowa matsowa.

Na sha ba da labarin bijimin nan, kuma mutane na cewa ina ƙara masa girma kowace shekara. Ƙarya suke min. Tozonsa kaɗai ya kai buhun gero, ƙahonsa kuwa ana iya shanya wankin gida guda a kai. Aka buɗe ƙofar garke, aka tura gwanin rugage ciki, aka rufe. Bijimi ya ɗago ya dube shi, shi ma ya dubi bijimi, ya yi masa sallama. Wallahi sallama ya yi masa, da kunnena na ji. Bijimi ya tono ƙasa sau ɗaya. Ban ga lokacin da ya hau katangar ba, babu wanda ya gani. Mun dai ga rabin babbar riga a kan ƙaho tana kaɗawa, mun ga mai ita a kan kwanon sito, takalmi ɗaya, yana kiran sunan uwarsa, gwaggona.

Da aka sauko da shi da tsani, kyaftin ya ce a rubuta wa ma'aikatarsa yau-yau a sallame shi, ƙarya ga gwamnati ba wasa ba ce. Lokacin kuwa ana sallamar mutane ta rediyo, mutum na cin tuwo zai ji ya zama tsohon ma'aikaci. Taubashina ya zube ya ce ba shi ya rubuta ba, kwafa ya yi. Aka ce ta wa? Ya juyo ya nuna ni.

Aka kira ni. Na miƙa tawa ta gaskiya, shafi ɗaya, mai neman aikin sito. Kyaftin ya tambaye ni ko na iya kayar da sa.

"A'a, ranka shi daɗe. Shi as sa ban rubuta ba."

Na faɗi yadda aka yi tun daga kwafin kabon, ban rage ba, ban ma ƙara ba, abin da ya ba ni wuya ƙwarai. Sakatare ya dube ni, na ga ya gane fuskar. Ya juya ya tambayi taubashina takardar bara ta wa ce. Taubashina ya sake nuna ni, ya ce ga mai ita. Tsohon bai ba ni haƙuri ba, manya ba sa yi, sai ya cire hula ya share kai ya mayar, ya ce da likita ai sito na buƙatar mai awo, a rubuta yaron nan ya fara aiki Litinin.

Saura sallama. Kyaftin ya ce tunda ni aka cuta, in faɗa. Na dubi taubashina a zube cikin rabin riga. In aka kore shi, gidanmu zai dawo da cin tuwo safe da dare, ni ke da asara. Na ce a bar masa teburinsa, abin da nake so ba a ofis yake ba. A bakin masallacin unguwarmu aka sa min suna, can nake so a cire shi, da bakinsa, a tsaye.

Bayan la'asar majalisa ta cika, don masinjan asibitin ma yana da keke. Taubashina ya miƙe a gaban dattawa, ya ce ƙasa-ƙasa shi ne ya saci takarda, ba ni ba. Na ce iska ta ɗauke, ban ji ba. Ya maimaita. Na ce wani babur ya wuce. Ya maimaita da ƙarfi har kaji suka watse. Na ce to, na ji, na yafe, ya zauna.

Yana shirin zama, wani tsoho mai nauyin kunne a ƙarshen tabarma ya karkato da kai ya kama kunnensa.

"Mi yac ce? Shi sake, ni ban jiya ba."

Har gobe taubashina na rantsuwa ni na sa tsohon. Ban sa shi ba. Goro dai na kai masa washegari, manya guda biyu, farare.