Ragar Tsire a Hancin Motar Surukina

Na yi tuƙin babbar mota tun daga Sudan har Jidda, sai da gwiwoyina suka ce sun gaji, amma ban taɓa zaton zan ga motar da ake jona wa waya kamar tukunyar shayi ba. Sai ga surukina, mijin autata, ya zo da ita ƙofar gidanmu a Aziziyya. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, mai sayar da yadi ne a kasuwar Bab Makka, shi ya sayo ta don kwaso kaya daga sito zuwa shaguna. Ba ta tari, ba ta hayaƙi, tana lallaɓowa kamar ɓarawon takalmi a ƙofar masallaci.

Na zagaya ta, na duƙa da kyar, sai na hango lagireto can ƙasan hancinta. Na tambaye shi me mota marar inji za ta yi da lagireto. Ya ce batir ma yana jin zafi, sai an sanyaya shi. Na ce ashe dai ita ma baiwar Allah ce, Jidda ba ta ƙyale kowa ba.

Inda yake tsayawa sauke kaya, nan mutane ke watsa wa tattabaru alkama don neman lada. Ladan nasu ne, gashin tattabarun kuwa na surukina. Fanka tana zuƙo shi tare da leda da zaren buhu, su liƙe a lagireto kamar tabarma. Sai jar wuta ta kama a gaban direba, motar ta koma tafiyar tsohuwa mai ciwon baya. Kaya suka yi ta makara. Kafilin ya ce laifin direba ne, in aka sake, halas, aiki ya ƙare. Ga iƙamar yaron, takardar izinin zamansa, ta kusa ƙarewa, kuma a hannun mutumin sabuntawar take. In ya sallame shi, sai Sudan, da 'yata da jikokina, kowa kuwa ya san halin da can ke ciki.

Tun da na ji haka zama ya gagare ni. In zauna a kujera, in tashi in leƙa taga, in sauka ƙasa, in hawo. Shayi ya yi ta hucewa a hannuna. Hajiya, uwar yarana, ta ce in dai sintiri ne gyaran mota, to an gama. Na ce mata tunani nake yi, aikin da ba ta taɓa ganin ina yi ba shi ya sa ta ruɗe.

Karatuna bai wuce aji uku ba, amma na san abin da ke tare shara ya bar iska ta wuce sunansa raga. Na gwada rariyar Hajiya a fuskata, na hura, na ji iskar ba ta fita sosai, kuma mai rariyar tana tsaye a kaina. Sai na tuna da wani aminina mai tsire a Bagdadiyya, wanda Larabawa ke layi a gabansa. Ya ba ni tsohuwar ragar da ya daɗe yana gashi a kai, baƙa wuluk, ramukanta daidai yadda nake so. Hajiya ta ce a wanke ta tukuna. Na ce ƙarfen da ya sha wuta ya fi kowa tsarki, na goge ta da jarida.

Ran Juma'a bayan an sauko, na sa aka kawo motar. Na yanke ragar, na ɗaure ta da waya a gaban lagireto. Surukina yana tsaye, ya sunkuyar da kai, hannuwa a baya. Na tambaye shi yaya ya gani.

"To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Daga baya 'yata ta gaya mini cewa tun kafin nan ya roƙi garejin da ke kula da motar su kawo raga ta ainihi, ana jiran isowarta. Amma wane ɗan mutunci ne zai dubi uban matarsa ya ce masa ajiye wayarka?

Jar wuta dai ba ta ƙara kamawa ba, wannan a rubuta a ajiye. Sai dai da lagireto ya ɗumama, tsohon kitse da yaji suka farka. Duk inda motar ta tsaya, kyanwoyin unguwa su taru a ƙarƙashinta, kuma tunda ba ta da ƙara, ko an tayar da ita ba sa motsi. Kullum sai surukina ya kwanta a ƙasa da sanda yana korarsu kafin ya tafi. 'Yan dako suka sa masa suna mai tsire, suna cewa a ba su tsinke biyu da albasa. Makara ta dawo ta wata ƙofar. Bai faɗa mini ba, bai kuma cire ragar ba.

Da labari ya zo mini cewa kafilin zai duba motar da kansa, na riga kowa isa Bab Makka. Na yi ta kai da kawo tsakanin masu dabino da masu turare har wani ya tambaye ni ko na ɓata ne. Kafilin ya iso da farar jallabiyarsa, ya duƙa, ya shinshina, wata kyanwa ta fito ta tsakanin ƙafafunsa. Ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Surukina ya kau da kai, ya gwammace a kore shi da ya nuna ni.

Na matso na ce injiniyan yana nan.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ya Hajji, motata ce ko murhu?"

Na ce ya tambayi direbansa ko jar wuta ta sake kamawa. Ya tambaya, aka ce a'a. Ya sa yatsu biyu ya yaye gashin tattabarun da ya taru a kan ragar, ya leƙa lagireton, ya ga tas. Ya daɗe yana goge yatsunsa da hankici. Sannan ya ce a kwance ta, a dafa ta da ruwan zafi da sabulu, a mayar har ta ainihin ta iso. Ya juya ga surukina ya ce gobe ya zo ofis a gama maganar iƙama, yalla. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada wannan dattijon ya ƙara taɓa masa mota.

Surukina ya rasa yadda zai maimaita mini sharaɗin, alhali a gabana aka faɗa, Larabcina kuma ya girmi nasa. Na bar shi yana ta kame-kame har muka iso gida. 'Yata tana bakin ƙofa da ƙaramin jikana a goye, tana jiranmu. Na ce mata ta kwance kayan da ta fara ɗaurewa a ɓoye, ta ɗora mana shinkafa.