Tsohon Garinmu a Ƙarƙashin Ruwa

Garin da aka haifi kakata ta wajen uba yana ƙarƙashin dam ɗin da ke yamma da ƙauyenmu. Tana goye da babana aka tashe su, aka ba su fili a kan tudu, ruwa ya cinye gidajen.

Shekarar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, na zo gida daga Kano da wata 'yar kyamara da nake aikin bukukuwa da ita, ba ta fi akwatin ashana ba, kuma ruwa ba ya shigarta. Ta jujjuya ta a tafin hannu, ta ce, "Maigida, in da gaske ruwa ba ya cinta, je ka gano mini gidanmu."

Na zaci tsokanar da muka saba ce. Da na dubi fuskarta sai na ga ba wasa take ba.

Bazara ce, ruwa ya ja baya sosai. Wani dattijon masunci, wanda shi ma a can iyayensa suka taso, ya yarda ya kai ni. Ranar farko na ɗaure kyamarar a goshin kwalekwale da robar tayar keke. Duk bugun filafili sai ta girgiza. Ba mu samo komai ba sai sama da ruwa suna tsalle, kakata ta ce jiri suke sa ta.

Washegari masuncin ya zo da doguwar gora. Ya ce, "Ɗana, kai saman ruwa kake ɗauka, ita kuwa ƙasa take nema."

Ya kafe gorar a gefen jirgin da ƙusa biyu. Muka ɗaure kyamarar a ƙarshenta tana kallon ƙasa, muka cusa tsumma don kada ta yi rawa. Da muka kai tsakiya ya ajiye filafili, ya bar iska tana tura mu a hankali.

Ruwan ya yi duhu. Yawancin hoton laka ce da ciyawa, jefi-jefi kifi ya gifta. Amma a wani wuri kututturen babbar bishiya ya bayyana, kusa da shi ga duwatsu jere a zagaye.

Bayan la'asar na zauna gefen tabarmar kakata na kunna mata hoton a waya. Da aka iso wurin duwatsun, sai ta ce in tsayar.

"Rijiyarmu ce. Wannan kuwa tsamiyar ƙofar gidanmu. In ka yi gabas kaɗan, nan aka binne innata, da wan babanka da bai kai yaye ba."

Ban taɓa jin babana yana da wa ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, sai ya cire hula ya zauna a ƙasa.

Na ce gobe zan koma in ɗauko gabas ɗin. Ta girgiza kai.

"Ƙyale su, ba a leƙen masu kwanciya."

Ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a mai tsawo, muka shafa.

Daga baya masuncin ya faɗa mini cewa a saninsa rijiyar ta fi can arewa, wataƙila duwatsun gindin rumbun wani ne. Ban kai mata wannan magana ba. Duk Juma'a takan sa in kunna mata, har Allah ya karɓi ranta bayan an yanke gero.