'Yan Anko

A Nakkasa aka haife ni, wata unguwa a ƙasa mai tsarki, a wani gida da ke maƙale a jikin dutse, wanda yanzu babu shi. Mahaifiyata, Umma, ita ce mai raɗa wa baƙi suna a layinmu. Masu zuwa umara ƙarshen azumi, 'yan goman ƙarshe. Waɗanda ke tsayawa bakin ruwa a Jidda su ɗauki hoto kafin su hau jirgi, 'yan gaida teku. Alhazan Najeriya kuwa, da kowace jiha ke ɗinka wa kaya iri ɗaya don kada su ɓace, su ne 'yan anko. Ba da ƙiyayya take faɗa ba. In ɗaya ya ɓato hanya ya hauro layinmu, takan ba shi ruwan sanyi, ta kwatanta masa hanyar Harami, sai ya juya baya mu yi dariya.

Da iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙi sabuntuwa na koma Kano, garin da ban taɓa gani ba. Na sami aikin rediyo, inda aka yi ta gyara mini harshe har na daina cewa "yalla" da "halas".

Bayan shekaru na sami kujerar hajji. Ƙanwata ta riga ta gaya mini a waya cewa Umma ta fara mantuwa, tun da aka rushe Nakkasa suka koma unguwar Shisha. Buƙatata ɗaya ce: ta gane ni kafin in tafi.

Daga masauki na shiga tasi, ban tsaya canza kaya ba. Ƙanwata ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaya! Da wannan ka zo?"

Na durƙusa gaban Umma na gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, irin ta Kano. Ta amsa da ladabi, sannan ta juya wurin ƙanwata.

"Ɗan anko ne ya ɓata. Ba shi moya, miskin."

Moya, wato ruwa. Na karɓa na sha. Na ce mata da Larabcin unguwarmu ni ne ɗanta. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Ji shi! Kwana nawa da zuwa, har ya iya."

Bayan Arfa na koma. Wannan karon na sayi farar jallabiya na saka, na aje hular Kano a masauki. Ta daɗe tana kallona, har na fara sa rai.

"Ka ga, ya sayi jallabiya," in ji ta. "In suka fara sayen jallabiya, tafiya ta zo. Saura gaida teku."

Ƙanwata ta tashi ta shige kicin.

Da zan fita, Umma ta kama hannuna.

"Alhaji, kai ɗan wace jiha ne?"

"Kano, Umma."

"Ina da ɗa a can, yana magana a rediyo. In ka gan shi ka ce ya zo. Amma kada ya zo lokacin hajji, baƙi sun yi yawa, ba zan sami ganinsa ba."

Na ce zan faɗa masa. Kwana biyu bayan nan motarmu ta nufi Jidda. Abokan tafiya suka roƙi direba ya bi ta bakin teku. Suka sauka da wayoyinsu, ni na zauna a mota.