Darasin Kai Saƙon Mutuwa

Shekarun baya, ina saje a aikin 'yan sanda, aka sa mu wani kwas na shugabanci ta intanet, irin wanda ake yi kafin a damƙa wa mutum ƙananan ma'aikata. Duk Asabar da hantsi ina ɗakina a unguwar Nima, waya jingine da gwangwanin madara, sama kaki, ƙasa zanin girki. Malamin dai iyakar ganinsa kafaɗa.

A ajin akwai abokina, ɗan unguwar Maamobi, wanda muka shiga aiki tare. Mutum ne da ko a zaman makoki sai ya sa an danne dariya.

Wata Asabar aka zo darasin yadda shugaba zai kai wa iyali labari idan na ƙasa da shi ya mutu a bakin aiki. Aka raba mu biyu-biyu mu gwada, mu naɗa a bidiyo mu tura wa malami. Ni da abokina muka faɗo tare. Na gyara murya, na zubo Turancin da na haddace tiryan-tiryan, ina jin kaina.

Ya bari na gama, sannan ya tuntsire da dariya.

"Chale, mutuniyata Saje, a unguwanninmu na Zango za ki yi wannan? Kafin ki kai ƙarshe tsohuwa ta faɗi. Bari in koya miki da Mma."

Mma mahaifiyarsa ce, mai koko da ƙosai a bakin lungunsu. Na ce ya bar mugun baki, ya yi misali da wata. Ya ce ita ya sani.

"Kar ki zo da kaki, tun daga titi za a riga ki da ihu. Ki sayi koko kamar kowa, ki jira ta sauke kaskon mai. Ranar da aka gaya mata rasuwar Baba cikin mai ta faɗa, tabon na nan a hannunta. Ki janye kurfoti, murhun gawayin nan, gefe. Ki zauna ƙasa ta damanta, kunnen hagu ba ya ji."

Daidai nan hotonsa ya tsaya cik, ido a rufe, baki a ɗan buɗe. Mun saba da haka, intanet ɗinmu ba amana gare shi ba. Sai dai muryar ba ta yanke ba. Ta yi ƙasa, babu sauran wasa a cikinta.

"Za ta tambaye ki ko na karya kumallo. Ki ce na karya."

Da hoton ya motsa, ga shi yana dariya, wai me ya sa na yi zuru. Na maimaita masa abin da na ji. Ya rantse shi a maganar kunne ya tsaya. Na buɗe bidiyon da muka naɗa: daga maganar kunne sai shiru, sai dariyarsa.

Kwas ɗin bai ƙare ba, wata safiya birkin wata babbar mota ya tsinke a shataletalen Circle, abokina na tsaye yana ba da hannu, ta bi ta kansa, nan take ya cika. Babbanmu ya ce tunda ni 'yar Zango ce, ni zan je in gaya wa Mma. Tsorona ɗaya, kada tsohuwar nan ta sake faɗawa wuta a hannuna.

Na cire kaki, na sa atamfa da mayafi. Na tarar da ita tana kwashe ƙosai. Na sayi koko, na riƙe har ya huce, na kasa kai shi baki. Da ta sauke kaskon, na janye kurfoti, na zagaya ta dama, na zauna a ƙasa.

Ta dubi kurfotin, ta dube ni. Ta ajiye matsamin ƙosai a hankali.

"Ɗiyata, mutum ɗaya ne ya san wannan zaman. Shi ya aiko ki?"

Na ce, "Mma, sai haƙuri. Allah Ya karɓi abinsa."

Ta yi salati. Ba ta faɗi ba, ta dai riƙe hannuna da hannun nan mai tabo. Can ta ce, "Yau da sauri ya fita. Ya karya kumallo kuwa?"

Ban sani ba ko ya ci ko bai ci ba. Na ce, "Ya karya, Mma."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Sai a lokacin hawaye suka zubo mata.

Yanzu ni ke koyar da wannan darasi ga sababbin saje-saje, ta intanet ɗin dai. Ina gaya musu su fara sanin gidan kafin su buɗe baki: ina wuta take, wane kunne ke ji. Amma na hana kowa yin misali da mahaifiyarsa, suna ta tsokanata wai Madam ta cika camfi. Ba na musu. Har yau, idan hoton ɗalibi ya tsaya ido a rufe, kashe sautin nake yi sai ya motsa.