Mayifai a Kan Gora

Mutumin da ya gaya mini na mutu maƙwabcina ne. A ƙauyenmu na ƙasar Zurmi darni ɗaya ya raba gidana da nasa. Na gamu da shi a bakin masallaci a Shinkafi, ina dogara sanda. Ya dube ni, takalman da ke hannunsa suka zube ƙasa. Ya ja da baya har ya taka tabarmar wani.

"Innalillahi! Kai ne ko wani?"

"Ni ne."

"Ai mun yi maka sadakar ukku, mun yi ta bakwai. Ni da hannuna na raba gumba."

Na nemi dakali na zauna.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana da hantsi ne. Kowa ya yi ta kansa. Harsashi ya same ni a cinya na faɗi cikin gero, shi kuma maƙwabcin nan ya ga faɗuwata bai ga tashina ba. Matata da yarana suka bi ayarin da ya yi arewa, suka ƙetara Nijar wurin yayanta. Ni wasu masu jaki suka tsince ni, aka yi ta miƙa ni hannu zuwa hannu har Shinkafi, gidan taubashina, ɗan ƙanin uwata. Na daɗe a kwance. Ina ta zaton iyalina sun san ina nan, tunda ni na san inda suke.

Maƙwabcin, wanda daga can Nijar ɗin ya dawo, ya ce matata tana takaba. Da ciki ta gudu, cikin kuma ya tsufa. Ya ce yayanta jira kawai yake ta sauka a yi suna, ya kwashe su ya yi Agadas da su, inda yake neman abinci. Wanda ya shiga can da iyalinka, ba adireshi ba komai, sai dai ka ji labari. Na ce ya koma ya faɗa musu. Ya ce shi da ya fito ta daji a bayan shanun wasu makiyaya, ko an ɗaure shi ba ya sake bin wannan hanya.

Ni ma ba ni iya bin ta. Ƙafar ba ta kai ni ko kasuwa sai na huta.

Lambar yayan matata tana cikin ƙaramar wayata. Amma a lokacin an rufe sabis ɗin waya a duk yankin. Waya ta zama tocila. Abin da ya rage shi ne sabis ɗin Nijar da iska ke kawowa. A ƙasa ba ka samunsa. Akwai wata kuka a arewacin gari, an ce can ƙololuwarta yana ɗan leƙowa, inda reshe ba ya ɗaukar mutum. Wasu sun hau da waya sun sauko da ƙaiƙayi kawai.

Taubashina yana da shagon cajin waya. Tunda ya ji labarin ya daina kirana da sunana.

"Marigayi, tashi ka sha kunu," haka yake ce mini kowace safiya. "Wanda anka ci gumbarshi ba ya zaɓen abinci."

Shi ne ya fito da mayifai daga ƙasan akwati. Wani ɗan abu ne kamar sabulun wanka. Ana sa masa layi a ciki, shi kuma ya raba wa wayoyin da ke kusa da shi sabis. Ya ce idan aka ɗaura shi a kan gora aka ɗaga ya wuce kan kukar, mu da ke ƙasa za mu iya aika saƙon murya da babbar wayarsa. Ya samo layin Nijar wurin wani mai dabino.

Muka kai abin teburin mai shayi da la'asar, don nan ne ake taruwa. Aka sa layin. Fitilar jikinsa ta kawo ja. Taubashina ya duba wayarsa ya ce abin yana neman lamba, wai an kulle shi a kan kamfanin da ya sayar da shi, ba ya karɓar baƙon layi.

A wajenmu idan mota ta maƙale a laka, duk wanda ya zo wucewa kafaɗa yake sawa, ba ya jiran a roƙe shi. Haka aka yi wa mayifai. Duk mai babbar waya a wurin ya san lambar shiga abin, tun lokacin da suke shan sabis a shagon. Kowa ya shiga, kowa ya ga wurin da ake neman lambar a tasa wayar. Mai shayi ya sa sifili huɗu. Wani direba ya ce ba haka ba ne, ɗaya biyu uku huɗu ake sawa, duk abin Bature haka yake. Wani ya juya layin ya kwafi lambobin bayansa. Wani dattijo mai lissafin hatimi ya ce a sa adadin bisimilla, ba ƙofar da ba ta buɗewa. Aka sa. Wani ya sa lambar katin bankinsa, yana rufe wayar da hannu kada a gani. Ni ina zaune ina yi wa kowa godiya. Ban san karatu ba, na ga dai mutane sun dage a kan lamarina.

Can sai wurin sa lambar ya ɓace daga wayoyin duka. Kowa ya ce ba shi ne ya taɓa na ƙarshe ba.

Taubashina ya ce sai Ƙaura. Akwai wani mai gyara kusa da tashar jirgin ƙasa da ke da kwamfuta.

Hanyar Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda a lokacin ba a shiga sai a jere, mota bayan mota, a bi bayan masu rakiya. A kowane shinge ana sauke mutane a duba kaya. Idan aka ga layin Nijar a jikinka, tambayar da za ta biyo baya ita ce wa kake kira a daji. Na tura layin ƙarƙashin bandejin cinyata. Mayifai kuma muka binne shi cikin tiyar gero a ƙullin zane. A wani shinge mai duba kaya ya nuna ƙafata ya ce mene ne. Na ce harbi. Ya ce in wuce.

Mai gyaran mutum ne siriri mai tabarau, shagonsa ba ya ɗaukar mutum uku sai ɗaya ya tsaya a ƙofa. Ya busa geron da ya shiga ramukan abin, ya cire batir, ya karanta wata doguwar lamba a ciki ya buga a kwamfuta. Nan take ta fitar da wata gajera.

"Ga makullin nan," ya ce. "Aikin minti ɗaya ne."

Ya haɗa abin da kwamfutar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Jama'a," in ji taubashina.

"Wace jama'a?"

"Ta teburin mai shayi."

"Subhanallahi! Malam, wanga abu ƙidaya yake yi. Duk lambar banza da anka sa, sai ya rage dama guda. Kun cinye su tas. Ga makulli a hannuna, amma kun toshe ramin da ake sa shi."

Na ji kamar an sake harbina. Ban san abu mara rai yana riƙe laifi ba. Ina tuna fuskokin mutanen nan, kowa yana cewa bari in gwada maka, ni kuma ina cewa Allah ya saka.

"Lambar mi kunka sa?" ya tambaya.

Taubashina ya lissafa masa. Da ya zo kan ta bisimilla, mai gyaran ya kifa kansa a kan tebur. Ban san dariya yake ko me ba.

Na ce, "Akwai wata hanya ko babu?"

Ya ce akwai, amma ba ya son ta. Sai an kwance abin gaba ɗaya, a taɓa wasu ɗigo biyu a jikin allonsa na ciki da bakin hantsaki a daidai lokacin da ake cusa masa wayar da ke haɗa shi da kwamfuta, a shiga ƙwaƙwalwarsa ta ƙofar baya a wanke ta a zuba sabuwa. Filashin suke ce masa. Idan hannu ya goce, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa, abin ya mutu har abada. Ya ce kuma ba a samun irinsa a kasuwa yanzu, duk an wawashe.

Abin ba nawa ba ne. Na dubi mai shi.

"Buɗe shi," in ji taubashina. "In ya mutu sun zama su biyu, in haɗa su sadaka guda."

Mai gyaran ya tambayi me yake nufi. Aka gaya masa. Ya dube ni sosai, ya ce, "Kai ne mamacin?" Na ce ni ne. Ya tashi ya rufe ƙofar shagon rabi, ya ce wa masu jiran gyara su dawo bayan azahar.

Babu wuta a garin. Batirin sola yake amfani da shi, fitilarsa kuma ta fara ƙiftawa. Ya cire duk wayoyin da ke caji ya kashe fanka. Zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Ya taɓa ɗigon, kwamfuta ba ta ji ba. Ya sake, ba ta ji ba. Ya ce wa taubashina ya riƙe masa allon kada ya numfasa. Sai kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara. Wani koren layi ya fara tafiya a fuskarta, yana rarrafe. Ya kai tsakiya ya tsaya.

Ina jin keke napep suna wucewa a waje, wani yana tallan rake. Na taɓa kwanciya cikin gero ina jin takun masu nemana, ban ji abin da na ji a gaban koren layin nan ba.

Koren layin ya motsa. Ya cika.

Na kwance bandeji na ba shi layin Nijar ɗin. Ya riƙe shi da bakin yatsa ya goge da tsumma. Ya sa, ya kunna. Ya ce abin ya karɓa, ba ya neman komai, sabis ne kawai babu a nan. Ya canza lambar shiga, ya faɗa wa taubashina a kunne.

"Kada ka ba kowa. Ko limami ne."

Muka koma Shinkafi, washegari da hantsi muka je gindin kukar. Wani mai ɗiban zuma ya yarda ya hau. Aka haɗa gora biyu aka ɗaure da roba, aka sa mayifai a leda a bakinta. Ya hau har inda reshe ya fara lanƙwasa, ya miƙa gorar sama ya ɗaure. Mutanen teburin mai shayi duk sun zo, kowa da wayarsa a hannu. Direban ya ce a ba su lambar su taimaka. Taubashina ya ce taimakon da suka yi ya isa har jikoki.

Ya yi ta kallon wayarsa. Ya ce wa na sama ya juya gabas kaɗan. Ya ce ya dawo. Sai ya ce, "Tsaya nan! Kada ka motsa!"

Ya danna ya kawo wayar bakina. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na yi sallama, na ce, "Ni ne. Ban mutu ba. Ina Shinkafi. Kada ku tafi."

Saƙon ya daɗe yana juyawa kafin ya fita. Muka zauna. Rana ta take. Mai zuma yana ta tambaya daga sama ko ya sauko.

Wayar ta yi ƙara. Muryar yayan matata ce.

"Ko kai wane ne, ka ji tsoron Allah. Mutumen ga ya rasu, akwai wanda ya gani. Kada ka yi wasa da marayu."

Taubashina ya ƙwace wayar. "Kai surukin banza, ni ma na mutu? Ga shi nan zaune yana cinye mini hatsi. Kai mata waya ta ji da kunnenta!"

Aka sake jira. Saƙon da ya biyo baya dogo ne, amma farkonsa ba magana, sai hayaniyar mata da salati. Wata tana cewa a riƙe ta, a riƙe ta. Sannan na ji numfashin matata. Na san shi.

"Malam," ta ce. Ta tsaya. "Malam, in kai ne ka sake magana."

Na sake. Na kira yaran ɗaya bayan ɗaya, na tambayi lafiyarsu.

Amsarta ta zo da kukan jariri a bayanta. Ta ce ta sauka, namiji ne, har an yi suna. Ta ce kayansu a ɗaure suke, motar Agadas suke jira ranar kasuwa. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Sunanka anka raɗa mashi. An ce tunda bai iske ka ba."

Ni da raina, an riga an ba wani sunana ya riƙe. Taubashina ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dube ni, ya rufe.

Ya danna mini. Na ce, "A bar mashi. Ku kwance kaya."

Muryar yayanta ce ta dawo. Ya ce ba inda za su. Ya ce in zauna inda nake ƙafa ta warke, shi zai nemi hanyar da za a kawo su. Ya yi ta neman gafara, na ce ba shi ya harbe ni ba.

Muka ce wa mai zuma ya sauko. Ya ce ƙafarsa ta sage, sai an ba shi lokaci.